Kaurin Wayar Jitar Baba

Ranar da rediyo ta faɗi cewa an yanke Taraba daga Gongola, an kuma mai da Jalingo babban birnin jiha, ina tsugune a gaban Baba a gindin mangwaron gidanmu da ke Yelwa, ina riƙe masa bakin wayar jita. Damina ce, ƙasa a jiƙe take, masarar bayan gida ta fi ni tsawo. Sai guɗa ta tashi daga gidan maƙwabta, masu babura suka shiga danna oda, yara suka cika lungu suna dukan gwangwani. Wata tsohuwa 'yar Mumuye da ke kawo mana itace ta sauke kayanta daga kafaɗa a ƙofar gida ta hau rawa. Kowa ya fita har da Dada, mahaifiyata, da ludayi a hannunta. Baba bai ɗaga kai ba. Yana ta murɗa makullin ɗaure wayar a hankali, idonsa a kan waya. Sai da ya ga ƙafafun mutane suna wucewa da gudu ta gabansa sannan ya dube ni ya ce, "Ɗanjuma, gobara ce?" Na faɗa masa abin da ya faru. Ya zuba wa bakina ido, ya ce in sake faɗa. A ranar na gane kunnen Baba ya soma tafiya. Ina aji uku a firamare.

Garba mai jita ake kiransa a gari. Kakanninmu maɗinka ne da suka zo daga Zariya, shi kaɗai ya bar keken ɗinki ya bi kiɗa, kuma har kakata ta rasu ba ta daina kiran jitar nan "garayar Turawa" ba. Jitar ja ce, mai faɗin ƙugu, ya saye ta a hannun wani makaɗi ɗan Kamaru da ya biyo ta Yola. Cikinta rabi rami ne rabi katako, da tsaga biyu masu lanƙwasa a fuskarta, inda nake leƙawa in ga duhu da ƙura. Idan ba a haɗa ta da wuta ba, muryarta kamar ta mutumin da ke magana a ɗakin da ke kusa da naka. Idan aka soka mata igiya aka kai sifika, sai ta cika fili. Baba yana kiɗa ne a ƙungiyar Oga Bitrus, wani dogon mutum mai busa ƙaho da waƙa, wanda ya fito daga wajen Zing. Bayan an yi jiha, ma'aikata suka yi ta kwararowa daga Yola da iyalansu, bukukuwa suka yawaita: aure, suna, ƙarin girma, ban kwana. Ƙungiyar ba ta taɓa samun aiki kamar na wannan lokacin ba, kuma daidai lokacin ne kunnen Baba yake rufewa, tun bayan wani zazzaɓi mai sanƙarar da wuya da ya kwantar da shi da bazara.

Sauya waya aiki ne da Baba yake yi da natsuwa kamar mai alwala. Yakan shimfiɗa tabarma, ya kwantar da jitar a kan tsohon zanin Dada, ya tallafe wuyanta da filo. Ba ya cire wayoyin shida gaba ɗaya, ɗaya bayan ɗaya yake bi, don kada ɗan ƙarfen da wayoyi suke hawa, wanda yake kira jaki, ya goce daga mazauninsa. Zai sassauta tsohuwa, ya zare ta, ya goge gurbin da tsumma, ya zura sabuwa ta gindi, ya haye da ita kan jaki, ya kai ta wajen makulli. Yakan bar sako-sako kamar faɗin yatsu uku kafin ya fara murɗawa, kuma naɗin yana sauka ƙasa ne, kowane zagaye a ƙarƙashin ɗan'uwansa, ba a yarda wani ya hau wani ba. In ta ɗauru sai ya sa yatsa ya ɗaga ta, ya ja ta kaɗan-kaɗan daga gindi har kai, ya sake ɗaurewa, don sabuwar waya tana miƙewa, in ba a ja ta a gida ba za ta miƙe a gaban jama'a. Aikina shi ne riƙe bakin waya, miƙa filaya, da tsince guntayen da ya yanke kafin kaji ko ƙafar wani su same su.

Wayoyin a kasuwa ake saye, a shagon wani ɗan ƙabilar Ibo da muke kira Oga Emeka, wanda ake kawo masa su daga Onica a cikin 'yan fakiti. Lamba-lamba ne. Da ƙuruciyarsa lamba tara Baba yake sawa, sirara ƙwarai, masu laushi a yatsa, waɗanda yake turawa sama su yi kuka kamar yaro. Yakan ce, "Siririya zaƙi gare ta amma ba ta jimiri. Mai kauri tana jimiri, sai dai tana cin yatsa, tana kuma jan wuyan jita." Idan wayoyi suka dushe kuma babu sababbi a shago, sai ya naɗe su ya jefa a tukunya ya tafasa da ɗan lemun tsami, dattin gumi ya fita, su ƙara mako biyu ko uku. Dada ta keɓe masa tukunya guda, ta ce ba za ta dafa wa 'ya'yanta miya a inda aka dafa ƙarfe ba. Waɗanda suka tsinke nawa ne. Da su na zama sarki a cikin yaran unguwa. Muna ɗana tarkon kurciya da su a gonakin bakin rafin Mayo Gwoi, muna ɗaure tayoyin motar kara, muna kafa guda a gwangwanin madara da sanda mu yi tamu jitar. Da rani in an aike mu ɗiban ruwa, mu tona yashin rafi mu jira ya taru, ni ina zaune ina kaɗa gwangwanina har tulu ya cika.

Siririyar waya ce ta fara ɓace masa. Zai kaɗa ta, ya karkata kai, ya sake kaɗawa, ya ce wayar jabu ce. Sai ya koma lamba goma. Bayan 'yan watanni ya ce goma ma ba ta da murya, ya sa sha ɗaya. A lokacin ban gane ba, sai daga baya: mai kauri ta fi girgiza katako, kuma da yake cikin jitar rami ne, girgizar tana shiga masa ciki da haƙarƙari in ya rungume ta. Abin da kunne ya hana shi, yana nema ta jiki. Wata rana da hantsi na shiga ɗaki neman takalmina, na tarar da shi ya ɗora haƙoransa a kan jitar, can wajen makullai, ya cije katakon, idonsa a rufe, yana kaɗa waya guda. Na tsaya ban motsa ba. Da ya buɗe ido ya gan ni, sai ya goge yawu da hannun riga ya ce, "Ta haƙori tana zuwa. Kar ka faɗa wa kowa." Kafin shekara ta zagayo, jan fentin wajen ya cika da sawun haƙora, shi ya sa yake ɗaura masa ƙyalle in za a fita.

Amma ba a cizon jita a gaban amarya da ango. Nan ne na shigo. Baba ya gano cewa ina jin bambancin da ke tsakanin waya da waya ko da kaɗan ne, ya koya mini yadda kowace ya kamata ta yi da 'yar'uwarta. Muka yi alamu tsakaninmu. In na taɓa goshi, ya ƙara ɗauri. In na taɓa haɓa, ya sassauta. In na naɗe hannu a ƙirji, ta zauna. A wajen biki ina zama a ƙasa gefen makaɗa kamar yaron da ya zo kallo, shi kuma yana satar dubana tsakanin waƙa da waƙa. Sauran yana yi da ido: yana kallon ƙafar mai ganga don ya san gudu, yana kallon kumatun Oga Bitrus don ya san inda za a shiga. Waƙoƙin duk suna cikin yatsunsa tun da daɗewa. Oga Bitrus yakan shafa kaina ya ce da irin Hausarsa, "Garba, wannan yaro naka tana son kiɗa fa. Kullum tana nan kamar sauro."

Gwajin kiɗa da safe ake yi, bukukuwa kuma wasu a Sunkani, wasu har Mutum Biyu, a tafi ranar Alhamis a dawo Litinin. Makaranta ta fara zama wurin da nake leƙawa. Ina son makarantar nan. Ina son ƙamshin allon da aka goge da ganye da gawayi, da layin safe inda ake duba farce, da ƙosan da wata mata take soyawa a bakin katanga, da langa da muke yi a ƙarƙashin darbejiya lokacin tara. Na iya haruffa ɗaya-ɗaya, na fara haɗa su biyu-biyu, a nan karatuna ya tsaya. Malaminmu ya yi bulala har ya gaji, ya aiko a kira Baba, Baba bai je ba domin ba zai ji abin da za a faɗa masa ba. Dada ta yi magana sau da yawa. Takan tsaya a gabansa don ya ga bakinta, ta ce, "Maigida, yaron nan ba sifika ba ne. 'Ya'yan mutane suna aji, naka yana zaune a ƙasa yana taɓa goshi." Shi kuma ya ce, "Zuwa bayan salla ne kawai, kunnen zai buɗe." An ɗiga masa man kaɗanya da ɗumi, an kai shi wajen mai magani a ƙauye, an kai shi asibiti. Salla ta wuce, wata ta zo.

Ranar da ya nemi lamba sha uku ina tare da shi a shago. Oga Emeka ya riƙe fakitin bai miƙa ba, ya ɗaga murya ya ce, "Malam Garba, wannan igiyar shanya ce. Jitarka tsohuwa ne, wuya zai lanƙwashe. Ka tsaya a sha ɗaya." Baba ya yi murmushin da yake yi in bai ji ba, ya karɓa. Da muka sa su, makullai suna ƙara kamar za su fita, yatsunsa suka tsattsage, amma da ya kaɗa ta ƙasa mai kaurin nan sai fuskarsa ta washe, ya ce, "Yauwa, ga ta nan." Akwai wani dogon ƙarfe a cikin wuyan jita da ake ɗaurewa don ya yi jayayya da wayoyi. Baba ya san da shi, ya ɗaure, ya ƙara ɗaurewa, har kan notin ya cinye, sifana ta daina kamawa. Daga nan wuyan ya fara rusunawa a hankali kamar bakan maharbi. Wayoyi suka yi nisa da katako, har ina iya zura ɗan yatsana a ƙarƙashinsu.

A wani bikin ban kwana da aka yi wa wani babban ma'aikaci da la'asar abin ya fito fili. Mun saita wayoyin shida, kowace ta zauna daidai, na naɗe hannu a ƙirji. Amma da ya fara danna su a tsakiyar wuya, sai kowace murya ta haura inda ya kamata ta tsaya, domin kafin waya ta kai katako ta riga ta miƙe. Ba abin da goshi ko haɓa za su gyara. Mata masu rawa suka fara waiwaye. Mai ganga ya sunkuyar da kai. Baba kuwa ya rufe ido yana zuba gwaninta, yana jin ta a cikinsa daram. Na ga Oga Bitrus ya sauke ƙahonsa, ya zaga ta baya kamar mai gyara igiya, ya murɗe ƙarar sifikar Baba har ƙasa. Ya yi wa Yakubu, saurayin da ke riƙe jita ta biyu, alama da kai, Yakubu ya ɗauki wajen Baba. Aka ci gaba da rawa. Da aka tashi mutane suka tafa, Baba ya rusuna ya yi godiya.

Oga Bitrus ya ja ni bayan mota ya tsuguna daidai tsawona. Ya ce ya daɗe da sani, tun kafin in fara zama a gefe. Ya ce, "Ni da babanka mun fara tun ba mu da takalmi. Ba zan kore shi ba. Ka bar shi ta yi wasanta." Haka aka yi damina guda da rani guda. Ana ɗaukar sifikarsa a mota, a sauke, a haɗa igiya, 'yar jar fitilarta ta kama, amma ba abin da ke fita. Ana ba shi rabonsa kamar kowa. Ni kuma ina zaune a ƙasa ina taɓa goshi ina taɓa haɓa, muna saita jitar da ba wanda zai ji. Ni kaɗai nake jin ta, da yake ina kusa: wata 'yar murya siririya a ƙarƙashin ganguna da ƙaho, tana bin waƙar a karkace. Har yau in na shiga taron biki, kunnena yakan nemi wannan muryar a ƙasan kiɗan.

A wani bikin aure a Abbare Baba ya gane. Rana ta yi zafi, an kafa rumfa, mata sun cika wuri. Wata yarinya da ba ta fi shekara biyu ba ta rarrafo ta jingina da sifikar Baba, ta manna kumatunta a jikin yadin gaban, ta yi barci. Baba yana tsakiyar kiɗa ya juyo ya gan ta. Ya daɗe yana kallonta, yatsunsa suna tafiya. Sai ya matsa, ya daki wayoyin shida da ƙarfi, yarinyar ko motsi ba ta yi ba. Ya sunkuya ya ɗora tafin hannunsa a kan yadin, ya sake kaɗawa da ɗayan hannun. Ya miƙe. Bai dubi Oga Bitrus ba, bai dubi Yakubu ba, ni ya duba. Ya ƙarasa waƙar har ƙarshe, ya zare igiyarsa ya naɗe ta a gwiwar hannu yadda ya saba, ya sa jitar a jaka. Muka taho gida a ƙafa, yana gaba ina baya. Sai da muka kai ƙofar gida ya juyo ya ce, "Gobe ka koma makaranta."

Na koma. 'Yan ajinmu sun kai aji shida, aka zaunar da ni da ƙanana waɗanda na fi su da kai guda, gwiwata ba ta shiga ƙarƙashin benci. Suna karanta abin da ke allo da waƙa, ni ina motsa baki. Ban yi wata guda ba na daina zuwa, Dada ta kai ni wajen wani mai gyaran injuna na zama yaron shago. Oga Bitrus ya zo gida sau uku, Baba ya karɓe shi da mutunci, ya ba shi ruwa, amma bai koma ƙungiyar ba.

Bai daina kiɗa ba kuwa. Yana zama a gindin mangwaro bayan ya dawo daga gonar da ya kama a hanyar Sunkani, ya cije kan jitar ba tare da ɓoyewa ba, ya yi ta kaɗawa. Da sha uku ma ta daina isa gare shi, sai ya samo wayar birkin babur, ya warware ta, ya zaɓi silla masu kauri ya ɗaura a gurbin na sama. Wata rana da azahar, farkon damina, muna zaune muna cin tuwo, jitar tana jingine a bango a bayansa, sai muka ji ƙara kamar an harba bindiga. Dada ta yi salati, kaji suka watse, maƙwabta suka leƙo ta katanga. Kan jitar ne ya karye daidai inda wuya ya ƙare, ya rataya a jikin wayoyi yana lilo. Baba ya ci gaba da cin tuwonsa. Ba wanda ya iya taɓa shi. Sai da ya wanke hannu ya juya.

Wani kafinta ya gwada mannewa, bai kama ba. Baba ya rataye ta a ƙusa a ɗakinsa haka nan. Zanzaro ya samu tsagar nan ya shiga gina ɗakinsa na laka a ciki, kuma in yana aiki, ramin yakan ɗauki kukansa ya ƙara masa girma, sai ka ji kamar wani ya taɓa waya mai kauri ya bar ta tana amo. Dada ba ta son shiga ɗakin da rana saboda haka. Baba yana kwance a ƙarƙashinta bai sani ba. Bayan ya rasu ma kukan bai daina ba, kowace damina yana dawowa, har shekarar da rufin ɗakin ya zuba, gara ta gama da abin da ya rage.

Yanzu ina da shagon gyaran janareta a Abbare. Da kunne nake aiki, tun daga bakin titi nake sanin ciwon inji. Shekara huɗu ke nan ina zuwa ajin yaƙi da jahilci da yamma, kuma da hannuna na rubuta wannan, a hankali, ina gogewa ina sakewa. Kwanakin baya wani saurayi da ke kiɗa a coci ya kawo mini janareta, da jita a bayansa. Kafin in gama ya zauna ya sauya waya, ya ce lamba goma yake sawa, ta wayar salula yake oda a kawo masa har gida. Ya maƙala wani ɗan abu kamar akwatin ashana a kan jitar. In waya ta yi ƙasa ko ta yi sama ya nuna ja, in ta zauna ya nuna kore. Ba ya ko saurare, hira yake yi da ni yana murɗawa. Na karɓa na jujjuya shi a tafin hannuna. Aikin da na bar aji uku dominsa ke nan, ga shi da ɗan batiri a ciki.

Na mayar masa, na ce Allah ya sa albarka. Da ya tafi na zauna a kan benci na lissafa abin da aka rasa. Kunne biyu na Baba. Jita ɗaya ja. Ƙungiya ta mutum bakwai, saura Yakubu kaɗai a raye. Waƙoƙin da ke cikin yatsun Baba, waɗanda ba a ɗauka a kaset ba ko guda. Da shekaru uku na firamare, waɗanda nake biya yanzu da furfura a gemuna.